Kafin ka taya keken da ke wata ƙasa

Ƙannena, duk wanda son keke ya kama da gaske, wata rana zai tsinci kansa a shafin gwanjo na intanet yana kallon wani tsohon keke ƙirar Japan ko Italiya, fenti na sheƙi, farashi bai kai rabin abin da yake zato ba. Kuɗin da ke rubuce ƙarƙashin hoton nan kason mai keke ne kawai. Tsakaninsa da ranar da za ka ɗora ƙafa a kan feda akwai mai dako, akwai banki, akwai kwastan, akwai bakanike, kowa yana jiran nasa. Ni da tayi na fara, na bar lissafi sai daga baya. Abin da nake so ku yi shi ne ku juya tsarin: ku fara lissafi daga ƙofar gidanku, ku riƙa cire kason kowa kuna komawa baya, abin da ya rage shi ne iyakar tayinku.

Ku fahimci yadda gwanjon yake aiki tukuna. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ba sai mutum ya zauna yana ƙara tayi kaɗan-kaɗan ba. Kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa taya maka da ɗan ƙari duk lokacin da wani ya matso. In ka ci, tayin wanda ke biye da kai za ka biya da ɗan abin da aka ɗora a kai, ba iyakar da ka rubuta ba. Masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi nazarin irin wannan gwanjo tun 1961, ya nuna cewa dabarar da ta fi ita ce ka faɗi ainihin darajar abin a wurinka, ka kama bakinka. Ni ban kama ba. Da na ga an zarce ni sai na ji kamar an ƙwace mini abin da ya riga ya zama nawa, na ƙara, aka ƙara, na sake ƙarawa. Wanda nake ja da shi wataƙila ma barci yake yi, na'urarsa ce ke amsa mini. Wasu injiniyoyin man fetur uku sun rubuta a 1971 cewa a gwanjon filayen haƙar mai, wanda ya ci sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar filin. Keke ma haka.

Lokacin rufewa ya bambanta. A eBay gwanjo na ƙarewa a daƙiƙar da aka tsayar, shi ya sa gogaggu ke ɓoye tayinsu sai a ƙarshe. A gwanjon Yahoo na Japan kuwa, in mai kaya ya zaɓi haka, duk tayin da ya shigo a mintuna biyar na ƙarshe yana ƙara wa gwanjon lokaci, don haka dabarar ɓuya ba ta ci a can.

Sayen keke ta hoto cinikin biri ne a sama, kuma maganinsa ɗaya ne, ka sa mai kaya ya sauko da shi. Hotunan da ya saka da kansa na ɓangaren da yake so ka gani ne. Kai ka nemi naka. Ka ce ya ɗauko maka bayan wuyan keken daf da daf, inda bututun sama da na ƙasa suka haɗu da wuya. Keken da ya taɓa cin karo ta gaba yakan bar ɗan tattarewa ko tsagewar fenti a daidai nan, ko da an miƙe shi. Ka nemi hoton fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, daga gefe, ka duba ko ya ja baya. Ka tambaye shi ko sandar sirdi tana motsi, domin sandar alminiyam da ta shekara cikin firam na ƙarfe, wato gangar jikin keken, ba a shafa mai ba takan manne har sai an yanka ta. In firam ɗin na kabon ne, wato wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba, tsagewa na iya ɓuya ƙarƙashin fenti lafiyayye, kuma ni dai yanzu ba na sayen tsohon kabon da hannuna bai taɓa ba. Keken da na fara saye, hotunansa duk daga dama aka ɗauka, wajen sarƙa da giya, ban kuwa tambayi dalili ba. Lotsewar tana hagu.

Sai lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin keken, inda sandar feda ke juyawa. Ka nemi hotonta, ka bincika ta a rajistar kekunan da aka sace, irin Bike Index a Amurka da BikeRegister a Birtaniya. Japan ta wajabta rajistar keke tun 1994, Faransa kuma ta wajabta sa wa sababbin kekuna lamba daga farkon 2021. Mai kayan da ya ƙi nuna lamba, ko lambar ta bayyana a kankare, ka bar masa kekensa komai arha.

Maganar girma ita ta fi cin mutane shiru. Mai kaya zai rubuta 56, wato girman firam a santimita, ya tsaya. Wani daga tsakiyar sandar feda zuwa tsakiyar bututun sama yake aunawa, wani zuwa ƙarshen bututun sirdi, bambancin kuma yakan kai santimita ɗaya ko biyu. Ka auna keken da ka saba hawa ba ya sa maka ciwon baya, musamman tsawon bututun sama, sannan ka ce mai kaya ya ɗora awo a jikin nasa ya ɗauka. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi, firam ɗin da ya yi maka tsawo kuwa sai haƙuri.

Akwai kuma abin da ban taɓa tunaninsa ba sai da keke ya iso, wato ko kayan gyaransa suna samuwa a inda nake. Inci da ake rubutawa a taya yaudara ne. Tayar da ake kira inci 27 faɗin rim ɗinta milimita 630 ne, wadda ake kira 700C ko inci 28 kuma 622, wato mai ƙaramin suna ta fi girma. Inci 26 kaɗai ya kasu, akwai 559 na kekunan hawan dutse, akwai 590 na tsofaffin kekunan Ingila, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Lambar da za ka nema ita ce mai kashi biyu da ke jikin taya, kamar 32-630. Haka tiredi, wato haƙoran da ake murɗa gidan boris na tsakiya a ciki. Na Ingila, wanda ya fi yawa a duniya, faɗin gidansa milimita 68 ne, ɓangaren sarƙa kuma hagu ake ɗaure shi. Na Italiya 70 ne, duka ɓangarorin dama ake ɗaurewa. Tsofaffin kekunan Faransa suna da nasu daban. Bakaniken da bai san wannan ba zai sa ƙarfi, ya cinye haƙoran firam ɗin da ka ɗauko daga wata nahiya. Ba laifinsa ba ne kaɗai, kai ya kamata ka gaya masa.

Yanzu dako, inda lissafina ya rushe. Na ɗauka tunda keken bai wuce kilo goma da ɗoriya ba, kuɗin kilo goma da ɗoriya zan biya. Kamfanonin jigilar gaggawa suna duba nauyi biyu, na sikeli da na girman kwali, su caji wanda ya fi. Akasarinsu suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000. Kwalin keke na yau da kullum yakan kai kamar 140 da 20 da 80. Ninka su, 224,000. Raba da 5000, kusan kilo 45. Iskar da ke cikin kwalin ka biya wa kuɗin jirgi. Gidan waya ya fi sauƙi, sai dai a ƙasashe da yawa iyakarsa mita ɗaya da rabi a tsawo, da mita uku in an haɗa tsawo da kewaye. Kwalin nan namu tsawonsa 140 ne, kewayensa 200, wato 340, ya wuce. Shi ya sa masu wayo ke sa a cire tayoyin biyu a matse kwalin, ko su sayi firam da fok kaɗai su haɗa sauran a gida. Duk wannan kafin tayi ake tambayarsa: girman kwali, wa zai ɗaure kayan, wane kamfani, nawa. Bayan ka ci gwanjo ba ka da bakin ciniki, abin da aka ce shi za ka biya.

In mai kaya ba ya aikawa waje, akwai kamfanonin da ke taya maka su karɓi kayan a rumbunsu, kamar Buyee da ZenMarket a Japan. Aikinsu na da amfani, amma dako ya zama biyu, na cikin ƙasa da na waje, ga ladansu, ga kuɗin sake ɗauri.

Wajen biya ba zan tsawaita ba. Kada ka fita daga shafin. Wanda ya ce ka tura masa kai tsaye zai rage maka, ko ya ce ka bi ta hanyar PayPal ta 'yan'uwa da abokai, kariyar mai saye yake so ka ajiye, domin wannan hanyar ba ta da ita. In ka faɗi gwanjo sai ga saƙo a imel wai wanda ya ci ya janye, kai ka saya, ka shiga asusunka na shafin da kanka ka duba, in babu shi a can ƙarya ne. Ka kuma tambayi bankinka farashin canjinsa da ladan da yake ɗorawa, don ba farashin da ka gani a intanet zai yi maka ba.

Kwastan ba su san gwanjo ba, lamba suka sani. A tsarin lambobin Hukumar Kwastan ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988, keke mara inji 8712 ne, kayan gyaransa 8714, mai lantarki kuma yana ƙarƙashin 8711 tare da babura. Da wannan lamba za ka nemo kuɗin fiton ƙasarka. Ƙasashe da yawa ba a kan kuɗin keke kaɗai suke yanka haraji ba, suna haɗawa da dako da inshora, sannan harajin VAT ya hau kan jimlar har da fiton. Ɗauki Jamus misali. Fiton keke a Tarayyar Turai kashi 14 cikin ɗari ne in babu yarjejeniyar rangwame, VAT na Jamus kuma 19. A ce ka ci keke a Yuro 300, dako 200. Fito zai hau kan 500, ya zama 70. VAT zai hau kan 570, ya zama 108 da 'yan kai. Keken 300 ya koma kusan 680, ba a sa ladan kamfanin da ya yi maka takardu ba. Amurka ba ta sa dakon waje cikin darajar kaya, amma ita ma a watan Agustan 2025 ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba. Dokokin nan suna sauyawa, don haka na ranar za ka duba.

Inda aka ƙera keke shi ake dubawa, ba inda aka aiko shi ba. Tarayyar Turai tana da ƙarin haraji a kan kekunan Sin tun 1993, wanda ya kai kashi 48.5 ga akasarin masana'antu tun 2005. Keke mai sunan kamfanin Amurka, aka aiko shi daga Amurka, in a Sin aka ƙera shi na Sin ne a idon kwastan. Ka nemi hoton 'yar takardar da ke manne a firam.

Wani mai kaya zai ce bari ya rubuta ƙaramin farashi, ko ya rubuta kyauta ce, don ya sauƙaƙa maka. Na taɓa yarda, ina ganin alheri ya yi mini. Kwastan suka nemi shaidar biya, kayan suka zauna, kuɗin ajiya yana hawa kullum, ga tara a kai. Ko da ya wuce lafiya, in kwalin ya ɓace ko ya lalace, inshora abin da aka rubuta za ta biya. Ka ajiye hoton shafin gwanjon da rasit ɗin biya tun ranar farko, kuma ka tambaya a fili ko kuɗin dakon ya haɗa da haraji. In ka ga DDP, mai aikawa ya ɗauke shi. In ka ga DAP, yana jiranka a wannan ƙarshen.

Keken lantarki kuwa, shawarata ka bar shi. Batirin litiyam kaya ne mai haɗari a dokar jiragen sama, tun 2016 aka hana ɗora shi shi kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja, kuma na keke yakan ninka iyakar da ake bar wa matafiyi sau da yawa. Keken zai iya zuwa batirin ya maƙale, kuma batirin babban kaso ne na kuɗinsa.

Ranar da kwali ya iso, kada murna ta sa ka sa hannu da sauri. Ka zaga shi, ka ɗauki hoton kowace huda da lotsewa a gaban wanda ya kawo, ka sa a rubuta a takardar karɓa. Ka ɗauki bidiyon buɗewa. Wuraren da suka fi shan wahala a hanya su ne ƙafafun fok, in ba a sa wani abu ya tokare tsakaninsu ba, da ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar canza giya ta baya. Kada ka jefar da kwalin sai ka tabbatar komai lafiya, domin masu inshora za su nemi ganinsa, kuma wa'adin kai ƙorafi gajere ne. Wajen haɗawa, fedar hagu hagu ake ɗaure ta.

Sannan birki. A Birtaniya da Japan da Ostareliya hannun dama ne ke kama tayar gaba. A Amurka da yawancin Turai hannun hagu ne. Hannunka ya riga ya saba da ɗaya, kuma a gangara ba zai tsaya tambaya ba. Ni gwiwata da tafin hannuna suka gano mini bambancin. Kafin ka hau, ka ɗaga gaban keken, ka juya tayar, ka matsa kowane hannu ka ga wanne ya tsayar da ita. In ya saɓa wa abin da ka saba, bakanike zai musanya wayoyin nan take.