Ganyen pucuk paku

Jama'a wallahi tunda na zo karatu Malesiya babu ganyen da ya kwanta min a rai irin wanda suke ce ma pucuk paku. A daji yake fitowa da kansa, bakin rafi da wuraren da ke da damshi da inuwa, baya fure baya 'ya'ya. Kansa kawai ake tsinka tun yana sabon toho a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya, sai kaga mata sun ɗaure shi ƙulli ƙulli a kasuwa. Matar mai gidan da nake haya ta soya min shi da tafarnuwa da barkono da belacan, wani dakakken jatan lande ne mai ƙarfin wari, ga ɗan yauƙi ga garas garas a baki, da shinkafa naci har na nemi ƙari.

Amma fa ta ja min kunne sosai kar in kuskura in tsinko da kaina, akwai masu kama da shi masu guba, irin bracken da yake kashe shanu har ana danganta shi da ciwon daji. Ita ko na kasuwa sai ta wanke ta tsoma a tafasasshen ruwa tukun. In Allah ya yarda hutu mai zuwa zan leƙa Kuching, wani birni a nan Malesiya, in ɗanɗana ɗan uwansa midin.