Makulli ɗaya ga gida mai ɗaki 12

Asabar, Agege

Na fito alwalar asuba sai warin gas ya buge ni a korido. Gidanmu irin na haya ne da aka saba gani a Legas: ɗakuna 12 suna kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, ƙofar fita ɗaya tal. Kicin ɗin baya ya yi mana kaɗan, saboda haka kusan kowa a bakin ƙofarsa yake ajiye tukunyar gas. Na bi warin har ƙofar amaryar da aka kawo daga Katsina kwanan baya. Na ƙwanƙwasa, ta fito ashana a hannu, za ta ɗora ruwan shayi.

Na riƙe hannunta na ce, "Ƙanwata, ajiye ashanar nan tukuna. Kada ki taɓa makunnin lantarki ma."

Ta ce, "Yaya, lafiya?"

Na rufe kan tukunyar, muka buɗe tagar ɗakinta da ƙofar da ke shiga tsakar gida. Da gari ya waye na kaɗa ruwan sabulu a kofi, na shafa a bakin tiyo, na ɗan buɗe gas. Nan take kumfa ta fara tasowa a daidai inda tiyon ya haɗu da kan tukunya. Robar ta bushe, ta tsattsage, ga kuma wurin da ɓera ya ɗan gwaigwaya. Yarinyar ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. A gidansu da itace da gawayi ta tashi, aka haɗo mata tukunya mai kilo 12.5 cikin kayan ɗaki, babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Na gaya mata gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari don hanci ya kama shi idan yana yoyo. Kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru inda yara ke shimfiɗa tabarma. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mu da ke wannan ɓangaren ba mu manta fashewar gas ta Baruwa, can Ipaja, a watan Oktoban 2020 ba.

Da hantsi mijinta ya sayo sabon tiyo da maɗauri, aka ɗaura, aka sake gwaji da sabulu, lafiya lau. Sauran yinin ya tafi a wanki da cefane.

Amma ina wanki zuciyata tana kan abu guda. Da wuta ta kama da asubar nan, ta ina za mu fita? Ƙarfe 11 na dare ake sa wa get kwaɗo saboda ɓarayi, makullin kuma guda ɗaya ne, yana wurin dattijon da ke kula da gidan, wanda ɗakinsa ke can ƙurya. Tagogi duk an yi musu ƙarfe, an like da walda, ko kan jariri ba zai wuce ba. A koridon akwai tukwanen gas, da babur ɗin wani, da jarkokin fetur da mutane suka koma ɓoyewa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mun tsare kanmu daga ɓarawo har mun kulle kanmu da gobara. Hayaƙi kuwa ba ya jira a nemo makulli. Shi ke fara kashe mutane kafin harshen wuta ya iso gare su.

Da maigida ya dawo na ce masa, "Baban yara, maganar nan ba ta barci ba ce, a tara mutanen gida yau." Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dattijon ya fara da cewa shekara da shekaru haka ake yi, Allah ne ke tsarewa. Hajiya, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Gaskiya ne Baba, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali." Maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da abinci ta ƙara da nata: in mai ya kama wuta a kasko, kada wanda ya watsa ruwa, a kashe gas a rufe da murfi. Ta nuna mana tabon da ke damtsenta. Bayan wannan babu wanda ya ƙara musu.

An tsayar da cewa gobe za a yanko wa kowane ɗaki makullin get, kowa ya rataye nasa a ƙusa kusa da ƙofa, inda ko a duhu hannu zai kai. Babur zai koma waje, fetur zai bar korido, za a ajiye bokitin yashi a bakin kicin. Wani ɗalibi ya rubuta 112 da 767 da gawayi a bango, lambobin gaggawa na jihar Legas, kuma kyauta ake kiransu. Ni dai na ce a kira su da wuri, kada a tsaya sai bokiti ya gaza, domin ga gosulo, ga lungunmu da motar 'yan kwana-kwana sai da dabara za ta shiga.

Maganar janareta ce ba a gama ba. Masu shi sun ƙi yarda a fitar da shi daga bakin tagogi, suna tsoron sata, alhali hayaƙinsa cikin ɗakunan da yara ke barci yake shiga. Akwai ma mai zuba masa mai yana cikin aiki. An ce a bari sai mai gidan ya zo karɓar haya ƙarshen wata, a roƙe shi ya gina wa janareta keji ta bayan gidan. Na ce ni zan fara yi masa maganar, Hajiya ta ce za ta raka ni.