Auna Yadda Mutanen Kaduna Ke Kallon Juna: Yadda Nake Yi da Inda Aikin Ke Lalacewa

Aikina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ne a jami'a, ɓangaren da ke duba yadda zama cikin jama'a ke juya tunanin mutum da aikinsa. Yawancin shekara a aji take ƙarewa, da duban takardun jarrabawa da kundin ɗalibai. Abin da ya rage, in an samu kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na wata gidauniya, a unguwanni nake yinsa, ina auna yadda Musulmi da Kirista na garin Kaduna ke kallon juna. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, jama'a suka yi ta ƙaura har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Kawo da Tudun Wada da Rigasa akasari Musulmi, Sabon Tasha da Narayi da Television akasari Kirista. A gari irin wannan mutane sun koyi kame bakinsu, kuma duk wahalar aikin daga nan take tasowa.

Ma'aunin da aka saba farawa da shi na Emory Bogardus ne, wanda ya fito da shi a Amurka a 1925. Ana jera wa mutum matakan kusanci, daga aure zuwa abota zuwa maƙwabtaka zuwa aiki wuri ɗaya, a ga inda zai ja layi ga wanda ba nasa ba. Na taɓa fassara shi yadda yake, kuma kuskure ne. Tambayar aure a nan hukuncin addini take aunawa, domin Musulunci ya halatta wa namiji auren Kirista bai halatta wa mace ba, saboda haka wanda ya ce ba zai aurar da 'yarsa ba, fiƙihu ya faɗa maka, bai gaya maka komai a kan zuciyarsa ba. Haka tambayar cin abinci tare, nan take maganar yanka ke shigowa. Na cire su biyun, na sa abubuwan da suka shafi amana ta yau da kullum: za ka shiga adashi da shi, za ka ba shi hayar ɗaki a gidanka, za ka bar masa shagonka ka je ka dawo, za ka kai ɗanka koyon sana'a wurinsa.

Fassara kanta mutum biyu ke yinta. Ɗaya ya mayar da tambayoyin Hausa, ɗayan, wanda bai ga na asali ba, ya sake mayar da su Turanci, sai a gwada a ga inda suka saɓa. Ko da sun dace ba a gama ba. Kalma ɗaya ta Turanci, “trust”, a nan ta rabu uku, yarda da amincewa da amana, kuma mutum na iya yarda da maganarka ya ƙi ba ka amanar kuɗinsa. Sannan Hausar Rigasa ba ita ce Hausar Sabon Tasha ba, inda da yawa harshe na biyu ne gare su bayan Tyap ko Jju ko Gbagyi, wasu ma sun fi sakewa da Turancin buroka. Don haka nakan gwada takardar a kan mutum 30, rabi a kowane ƙetare, ina sa kowa ya maimaita mini tambayar da bakinsa kafin ya amsa. Duk tambayar da mutum uku suka fahimce ta daban-daban, an sake ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matakan amsa biyar na Rensis Likert, daga “na yarda ƙwarai” zuwa “sam ban yarda ba”, su ma suna da ciwo. Dattijo ba ya son musanta baƙon da ya yi masa sallama, sai ka ji “haka ne” daga farko har ƙarshe. Maganinsa a juya rabin tambayoyin, ta yadda wanda ke faɗin “haka ne” ga komai zai ci karo da kansa a gane shi. Ga wanda bai yi boko ba, nakan raba tambayar gida biyu: ka yarda ko ba ka yarda ba, sannan sosai ko kaɗan. Hira kada ta wuce minti 35. Bayan nan mai shago ya fara leƙen ciniki, amsoshin ƙarshe kuma na a rabu lafiya ne.

Kafin a taka unguwa akwai takardar kwamitin kula da ɗa'ar bincike, sannan gaisuwar hakimi da mai unguwa, da limami ko fasto in unguwar ta buƙaci haka. Kalmar “bincike” kuwa ban bari a furta ta a ƙofar gida ba, don kunnen mutane 'yan sanda yake jiyowa. Muna cewa mun zo jin ra'ayin jama'a daga jami'a. Ana kuma faɗa tun a zaure cewa ba rajistar tallafi ba ce, in ba haka ba kowa zai zama matalauci mai son kowa. Mutane da yawa na tsoron sa hannu a takarda, don haka tun farko nake neman kwamiti ya amince da izinin baki.

Zaɓen gidaje ma sai da dabara, tunda yawancin lunguna ba lamba. Ana farawa daga wata alama, masallaci ko coci ko famfo, a ƙirga ƙofa biyar a shiga ta biyar. In gidan haya ne mai iyali goma, a jefa ƙuri'a. A cikin iyalin ma ba wanda ya fara fitowa ake ɗauka ba, ana jera manya a zaɓa da teburin Kish, wani jadawalin lambobi da ke fitar da mutum ɗaya kamar ƙuri'a, in ba ya nan a dawo har sau uku. Wanda ya ƙi wannan wahalar zai tashi da ra'ayin masu zaman kashe wando da tsofaffi, ya ce na gari ne. Gidan da ba a shiga, mace ke shiga, kuma sai ta nemi a ba su wuri, don in maigida ko uwar miji na tsaye, su za su amsa. Juma'a da rana, Lahadi da safe, yammacin azumi, da watannin da ke gab da zaɓe, duk mun cire su daga jadawali.

Babban abin da ke karkatar da amsa shi ne mai tambayar. Sunansa, hularsa, hijabinta, har yadda ya yi sallama. In addininsu ɗaya da mai amsa, a kan ji magana mai zafi, wani lokaci har da ƙari don a nuna kishi. In sun bambanta, sai ka ji duk ɗaya muke, Allah ɗaya ya halicce mu. Babu wadda za ka rantse ita ce gaskiyar. Abin da nake yi shi ne a rubuta wa ya tambayi wa, a raba aikin da ƙuri'a inda tsaro ya bari, a sa wannan cikin lissafi.

Wannan saɓani tsakanin baki da aiki tsohon labari ne a fanninmu. Richard LaPiere ya zaga Amurka da wasu ma'aurata 'yan Sin, suka shiga otal da gidan abinci 251, wuri ɗaya kawai aka kore su. Da ya aika wa wuraren wasiƙa daga baya yana tambaya ko za su karɓi 'yan Sin, kashi 92 cikin 100 na waɗanda suka amsa suka ce a'a. A 1934 ya buga wannan. A nan Kaduna ma an ga irinsa. Alexandra Scacco da Shana Warren sun yi gwaji da samari 849, aka koya wa wasunsu kwamfuta tsawon mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya, don jarraba ra'ayin Gordon Allport na 1954 cewa cuɗanya na rage ƙyama. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna ra'ayin da samarin ke faɗa bai sauya ba, amma a rabon kuɗi 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan aji na addini ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba. Da takardar tambayoyi kaɗai suka dogara da ita, da sun ce ba abin da ya faru.

Shi ya sa ba na fita yanzu ba tare da gwajin rabo ba. Ana ba mutum ambulan mai takardar naira 100 guda goma, a ce nasa ne, ya ɗebi abin da ya ga dama ya sa wa wani da bai sani ba, wanda sunansa na farko kawai aka rubuta. Yana yi ne a bayan labule, mai tambaya bai gani ba. Inda na fara yin tuntuɓe shi ne sunayen. Musa, Yakubu, Dauda, Haruna, Yusuf, Ibrahim, duk Kiristocin Kaduna na amsa su, don haka ba sa nuna komai. Sai Abdullahi ko Abubakar a gefe ɗaya, Bulus ko Bitrus a ɗaya gefen. In ka sa sunan Ibo ko na Yarbawa, ka cakuɗa ƙabila da addini, ba za ka iya raba su a lissafi ba. Dole kuma a bayyana cewa ba caca ba ce, ba wanda ya zuba kuɗinsa, kuma kuɗin da aka ware dole su isa hannun mai sunan da gaske. Yaudara ɗaya ta isa ta rufe maka unguwa.

Masu tattara bayanai su ma 'yan Adam ne, rana ta yi zafi wani zai zauna gindin mangwaro ya cike takarda goma da kansa. Da KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya, ana ganin inda aka yi hira da tsawonta. Hirar minti 35 da aka gama a minti 9 ba hira ba ce. Kowane dare nake duba abin da ya shigo, kuma ana komawa gida ɗaya cikin goma a tabbatar an je. Biyan mutum bisa yawan takardu shi ke haifar da wannan, gara a biya shi na yini.

Yawan mutanen da za a tambaya lissafi ne, ba ra'ayi ba. Don gano bambanci matsakaici tsakanin rukuni biyu ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni, in kuwa bambancin ƙarami ne, kamar yadda yawancin na fanninmu suke, sai kusan 400 a kowanne. Manhajar G*Power kyauta ce, tana yin wannan lissafin. Matsin lambar ƙarin girma, inda ake ƙirga maƙalu daga matakin lakcara har zuwa farfesa, shi ke sa a yi aiki da ɗaliban aji ɗaya, a juya alƙaluma har su ba da abin da ake so, a kai mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin mako biyu. Ba mu kaɗai ba. A 2011 aka kama Diederik Stapel, wani farfesan fanninmu, a Holan yana ƙirƙirar alƙaluma, a 2015 kuma aka maimaita gwaje-gwaje 100 da manyan mujallu suka buga, kashi 36 cikin 100 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Yanzu kafin in fita nakan rubuta hasashena da yadda zan yi lissafi, in ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, da kwanan wata.

Sunaye da lambobin waya suna fayil dabam mai kulle, amsoshi na ɗauke da lamba kawai, wurin da waya ta nuna kuma ana goge shi kafin a raba bayanan da kowa. Idan na koma kai wa masu unguwanni rahoto, shafi biyu ne da Hausa da Turanci, kuma ba na rarraba sakamako unguwa-unguwa. Jimillar ƙetaren arewa da ta kudu nake bayarwa, ko an matsa mini a taron.