Auduga ta narke a BMIM Cl, ruwa ne ke hana ta

Alhamdu lillahi, jama'a, yau auduga ta narke tas a cikin BMIM Cl, wani gishirin ɗakin gwaji da ke narkewa da ɗan zafi, fim (siririn shafi kamar leda) ya fito garau, ana karanta rubutu ta cikinsa. Masu fama da curin zare da ya ƙi narkewa, ku daina ƙara wuta. Damshi ne ke hana ku.

Babban aikin na kuloraid ne, wato Cl ɗin da ke cikin gishirin: shi ke kutsawa tsakanin sarƙoƙin selulos, sinadarin da ya yi zaren auduga, ya kwance ɗaurin haidurojin da ya riƙe su. In akwai ruwa, ruwan ne zai riga selulos kama kuloraid ɗin. Tun a aikin Swatloski da Rogers na Jami'ar Alabama a 2002 an nuna cewa ruwa ya wuce kashi 1 cikin 100, narkewa ta lalace. Abin haushin shi ne BMIM Cl mayen ruwa ne, daga iska yake zuƙa. A damina, ka bar murfi a buɗe kana awo, kan ka waiwayo farin garin ya fara jiƙa. Ita ma audugar da kake gani busasshiya tana ɗauke da ruwa wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinta.

Don haka a busar da su biyun. Auduga ta yi awa 2 a oben a digiri 105, ta huce a rufe tare da silika. Gishirin kuwa a narka shi a digiri 80 ƙarƙashin famfon zuƙe iska har kumfa ta daina tasowa. Giram 10 na gishiri, giram 0.3 na auduga, kwalba a toshe, a cikin tukunyar mai a digiri 90 zuwa 100. A yayyanka audugar ƙanana da almakashi, a riƙa sakawa kaɗan kaɗan, sai na farko ya ɓace a ƙara. Wanda ya zuba duka lokaci guda, wajen curin zai yi yauƙi ya toshe, ciki ya zauna fari. Sarƙoƙin auduga dogaye ne, tun a kashi 3 abin ya yi kauri kamar zuma, maganadisun da ke juya haɗin ya kasa juyawa. Sandar gilashi ta fi, ko a sirka da busasshen DMSO kaɗan, wani ruwan sinadari da ke rage kaurin. Zafi ya haura 120, launi zai koma ruwan ƙasa, sarƙoƙi na tsinkewa ke nan, fim ɗin kuma zai yi gautsi.

Kada ku yarda da ido. Ku ɗiga ɗigo ɗaya tsakanin gilasai biyu ku duba a maikuroskop, in da sauran zare za ku gan shi.

Sauran mai sauƙi ne: shimfiɗa a kan gilashi tun da zafinsa, tsoma a ruwa don gishirin ya fita selulos ya daskare, canja ruwan har silba naitiret, sinadarin gwada kuloraid, ya daina ba da farin gajimare a ruwan wankin. A busar tsakanin takardun tacewa da nauyi a kai, in ba haka ba zai nannaɗe.

Ruwan wankin nan kada a zubar. Kuɗin gishirin ya ƙona aljihu sosai, ga shi yana cutar da halittun ruwa. Yanzu ƙafar da ruwan wankin nake don in dawo da gishirin, kuma fitar da ruwan ƙarshe daga cikinsa ya fi narka audugar cin rai.