Maganin da ya daina ci

Kwana huɗu ƴata na fama da zawo a nan Tawa, ina ba ta amoksisilin da na saya wajen mai talla, shiru kake ji. Da aka yi awo, lokotoro ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli, kuma ta riga ta gagari maganin.

Abin da ya ɗaure mini kai: wai irin waɗannan ƙwayoyin cuta, wato bakteriya, na da wani ɗan zoben DNA (sinadarin gadon halitta) da ake kira filasmid, mai ɗauke da dabarar karya magani. Suna miƙa wa juna shi kamar goro, ko ba dangi ɗaya ba. Har ta naman kajin da aka ɗirka wa magani yakan iso mana.

Lokotoro ya canza magani, alhamdulillahi yarinya ta miƙe. Ragowar kafson na nan cikin aljihuna, ko zubarwa ban yi ba.