Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Faifai Biyu Kacal Auta Ya Ce In Zaɓa

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya ne inda mai walda na bakin tasha ya gama haɗa mana kwanduna uku da gindin durom da tsofaffin sarƙoƙin babur, muka kafa su a gonar Baffa bayan an kwashe gero. Ga wanda kashin baya ya wuce shi, wasan golf na faifai muke magana a kai: ana wurga faifan roba daga nesa har sai ya faɗa kwando mai sarƙa, wanda ya kai da ƙarancin jifa shi ya ci. Ƙanena Auta, da ke karatu a birnin Tamfere na ƙasar Finlan, shi ya jajiɓo mana shi da ya zo hutu. Ya koma ya bar ni da faifai biyu, da kuma yaran makarantarmu da ba sa barina in sha iska bayan la'asar.

Faifayen da ya bari, ɗaya Aviar ne, ɗaya Destroyer, duka na kamfanin Innova. Aviar bakinsa dakusasshe ne, aikinsa shiga kwando daga kusa. Destroyer kuwa bakinsa da kaifi, gefensa da faɗi, don dogon zango aka ƙera shi. Yara duk shi suke rububi saboda ya fi kyan gani, amma duk wanda ya wurga shi abu ɗaya yake samu: ya tashi kamar gaske, kafin ya yi rabin hanya ya kifa hagu, ya soki ƙasa, ya gangara cikin ƙarangiya. Dalili kuwa faifan nan sai da ƙarfin dantse yake miƙewa, mu kuma ba mu da shi. Aviar ɗin yana tafiya sak, sai dai numfashinsa gajere ne. Tsakanin inda muke tsayawa da kwandunanmu taki saba'in ne zuwa casa'in, wato zangon da ya fi ƙarfin ɗaya, ya kuma yi wa ɗayan kaɗan.

Da na kai wa Auta wannan kuka ta waya, dariya ya yi.

"Yaya, ai faifan tsaka-tsaki kuka rasa. Shi ne ma ya kamata in fara kawo muku. Zan zo hutun ƙarshen shekara in sha Allahu, amma ka san aljihun ɗalibi. Biyu kacal zan iya saya. Ka zaɓa."

Ya turo mini hotuna ta WhatsApp, kowane faifai da lambobi huɗu a jikinsa. Na kwafe su a bayan littafin shirya darasi, na zauna da su kamar mai gyaran jarrabawa. Lamba ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14. Aviar 2 ne, Destroyer 12, na tsaka-tsaki kuwa galibi 4 ko 5. Ta biyu shawagi, wato daɗewarsa a iska. Ta uku tana nuna yadda yake karkata dama a farkon tafiya, lokacin da yake da ƙarfinsa, daga +1 zuwa -5. Gwargwadon nisanta ƙasa da sifili, gwargwadon karkatarsa. Ta huɗu, daga 0 zuwa 5, tana nuna yadda yake lanƙwasowa hagu idan gudunsa ya ƙare. Duk wannan lissafi na mai jifa da hannun dama ne, da bayan hannu. Ga bahago komai juyewa yake, kuma za ku ji inda wannan ya yi mana rana.

Guda huɗu na ware. Akwai Roc na Innova, wanda ya fito tun 1987, lambobinsa 4, 4, 0, 3. Akwai Buzzz na kamfanin Discraft da ke jihar Mishigan a Amurka, ya fito a 2003, nasa 5, 4, -1, 1. Sai Mako3, shi ma na Innova, 5, 5, 0, 0. Na ƙarshe Comet na Discraft, 4, 5, -2, 1.

Abu ɗaya Auta ya faɗa mini wanda ya rage mini girmama lambobin nan: kowane kamfani shi yake sa wa faifansa lamba. Ƙungiyar wasan ta PDGA, wadda Ed Headrick ya kafa a 1976, girma da nauyi da fasali take dubawa kafin ta amince da faifai, misali kada ya wuce giram 200, kada faɗinsa ya gaza santimita 21. Yadda zai tashi a iska kuwa, mai kaya ne ke yabon kayansa. Don haka 1 ɗin wannan kamfani ba lallai ta zama 1 ɗin wancan ba. Na ɗauki lambobin a matsayin jagora kawai.

Shi Auta Roc biyu ya so ya saya a wuce wurin. Hujjarsa ita ce Ken Climo, Ba'amurken da ya ci gasar duniya sau 12, da Roc aka san shi, har akwai samfurin da ke ɗauke da haruffan sunansa. Na ce masa, "Auta, ka taɓa ganin dantsen ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare da ya karya da koko?" Lambar nan ta ƙarshe, 3, ita ce abin tsorona. A hannun ƙwararre Roc yana miƙewa sannan ya sauka hagu a hankali. A hannun yaro ɗan shekara goma sha uku, tun bai je ko'ina ba zai fara neman hagu, mu koma gidan jiya irin na Destroyer. Halinsa halin jakin Baffa ne: duk inda ka kora shi, da yamma gida zai nufa. Hali ne mai kyau in ka san da shi, amma ba da shi ake koyon sukuwa ba.

Mako3 ya ja hankalina sosai, kuma har yau ina ganin malami ne ya kamata ya so shi. Sifili da sifili: ba ya karkata da kansa, ba ya lanƙwasowa da kansa. Yadda ka sake shi haka zai tafi. In wuyan hannunka ya murɗe, nan take kowa zai gani, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Da a ce ni kaɗai zan riƙa jifa da sassafe a lokacin bazara, kafin iska ta motsa, da shi na ɗauka ban ko waiwaya ba.

To amma Auta a Disamba zai iso, tsakiyar hunturu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ringim ya san iskar nan da ke taso mana daga arewa maso gabas, ta cika ido da ƙura, ta fasa leɓe. Kwandonmu na farko kuwa yana gindin tsamiya ne, daidai ta inda iskar ke fitowa. Faifai idan ya fuskanci iska, ji yake kamar an wurga shi da ƙarfin da ya fi na gaske, sai ya ƙara karkata dama. Wanda dama can yake da saurin karkata, irin Comet mai -2, juyewa zai yi ya faɗi a kan gefensa ya yi ta gangara. Nan na soke Comet, duk da cewa a ranar da babu iska shi ne zai fi yi wa masu ƙaramin ƙarfi nisa. Mako3 ma ba shi da abin da zai dawo da shi idan iska ta tura shi. A wannan kwando dai taurin kan Roc ake nema. Idan kuma iska ta biyo ka ta baya, akasin haka ake samu: faifan ya yi saurin nutsewa, ya yi saurin komawa hagu, sai ka fi son mai sauƙin kai.

Sai ga shi na dawo kan Roc ɗin da na kushe, amma guda ɗaya. Na biyu kuma Buzzz, domin -1 da 1 kusan sun kashe juna: ya ɗan ba dama, ya ɗan dawo hagu, ya sauka kusa da inda ka nufa. Yana yafe ƙaramin kuskure, abin da Mako3 ba ya yi, kuma ba ya tsoron iska kamar Comet. Faifan da hannu ashirin za su riƙa karɓa-karɓa, gara mai haƙuri.

Ina tsammanin magana ta ƙare, sai Auta ya ce saura irin roba. Nan ne ma muka fi daɗewa. Faifai iri ɗaya ana zuba shi da roba kala-kala. Innova suna da DX mai araha, mai kama hannu, amma saurin cinyewa gare ta. Suna kuma da Champion mai sheƙi da tauri. Discraft na da irin wannan mai taurin, suna kiranta Z. Duk karon da faifai ya yi da itace ko fako, bakinsa yana ɗan canjawa, da sannu sai ya riƙa karkata dama fiye da yadda lambarsa ta ce. A Amurka akwai masu yawo da Roc uku ko huɗu na DX a jaka, sabo da matsakaici da tsoho, kowanne da irin tafiyarsa. Mu ina muka ga wannan gata? Na taɓa zagaya masu kayan wasanni a kasuwar Sabon Gari a Kano, ƙwallo da riguna da takalma suka yi ta nuna mini. Kasuwar Gujungu kuwa ba a ma maganarta. Abin da ya lalace ya lalace ke nan sai wani zuwan Auta. Filinmu kuma kututturen kara ne, da gawo, da aduwa mai ƙaya.

Shawarar da na yanke ita ce Buzzz ya zo a robar Z. Tun yana sabo yana da -1, in ya tsufa da wuri zai wuce gona da iri, don haka a ba shi robar da za ta riƙe halinsa shekaru. Roc kuma ya zo a DX. Shi tsufa gyara shi yake yi: kowane karo da tsamiya yana rage masa taurin kai, har ya zo daidai hannun yara. Ga kuma wani abin da mutumin Finlan ba zai kawo a ransa ba. Da hunturu kowace uwa sai ta shafe ɗanta da basilin ko man kaɗanya kafin ya fita, roba mai sheƙi kuwa zillewa take daga irin wannan hannu. A kwandon da iska ke jiran ƙaramin kuskure, na fi son robar da ke kama yatsa.

Nauyi bai ba mu wahala ba. Roc ya zo da cikakken nauyinsa, giram 180, don ya tsaya wa iska. Buzzz a nemo wanda bai kai haka ba, wajen 170, saboda ƙanana.

Uwargida ce ta kawo abin da duk lissafina bai hango ba. Tana tankaɗe tana jin mu, sai ta ce, "Malam, duk wannan lamba da kuke ta karantowa, in ya faɗa cikin kara da me za ku gane shi?" Gaskiyarta. Destroyer ɗinmu ruwan ɗorawa ne, kuma rabin lokacin wasanmu a nemansa yake tafiya, don bayan kaka komai na gona launinsa ɗaya da ƙasa. Na ce wa Auta ɗaya ruwan hoda mai haske, ɗaya shuɗi. Ya ce abokansa za su yi masa dariya a kanti. Na ce su yi.

Baffa kuwa da ya same ni a zaure da littafi a buɗe, ya leƙa ya ga lambobi, ya ɗauka sakamakon ɗalibai ne. Da na yi masa bayani ya daɗe yana kallona. "Yanzu kai malamin makaranta guda, a kan murfin kwano kake wannan lissafi?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, yara ne." Ya ce shi dai sharaɗinsa biyu na nan: kada a jefi dabbar kowa, kuma kafin ruwan shuka a tumɓuke masa ƙarafan nan daga gona.

Auta ya iso da su a naɗe cikin rigar sanyi. Buzzz ɗin ruwan hoda tun ranar farko ya zama na kowa. Yaran da ba su taɓa ganin jifarsu ta tafi sak ba suka ga ta tafi, har wani ya bi faifan da gudu yana ihu tun bai sauka ba. Roc shuɗi kuwa da farko gudunsa suke yi, sai ranar da iska ta taso da gaske, Buzzz ya fara yi musu yawo dama, sannan aka koma layi a bayansa. In yau wani ya ce mini guda ɗaya tak zai iya saya, Buzzz zan ce masa, ko Auta zai ji haushi. Na kuma kafa doka: ba a barin su a rana a kan kwano ko cikin akwatin babur, domin zafin nan namu yana lanƙwasa roba.

Wanda ya fi kowa cin ribar Roc wani ɗalibina ne bahago, shiru-shiru, wanda ko a ƙwallon ƙafa ba a zaɓensa. Kwandonmu na uku yana ɓoye ne a bayan kuka, ta hannun dama. Mu na dama sai mun yi jifa biyu kafin mu zagaye ta. Shi kuwa tunda faifan dama yake lanƙwasa masa, sai ya sake shi ta hagun kukar, ya tsaya yana kallo ya zagayo da kansa ya kwanta a gindin kwando. Manyan 'yan aji uku suka ce asiri ne. Na ɗauko littafina na nuna musu lamba ta huɗu, ba su yarda ba, sai da na sa ɗaya daga cikinsu ya gwada da hannun hagu.

Ana cikin haka ne Fulani suka sauka da shanunsu cin kara a gonakin da ke gabas da mu, kamar yadda suka saba kowace shekara. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda faifai ruwan hoda ya faɗa tsakiyar garke, da abin da ya sa mai unguwa ya aiko a kira ni da Baffa tun kafin a yi sallar magariba.