Bos ɗin da ya guje wa Hitila

Asabar, bayan isha'i.

Ruwa ya hana ni fita kasuwa yau. Tun hantsi ake tsuga shi, sai na ɗauki kwamfuta na shiga ɗakin Kawu na kunna mana wani tsohon fim baƙi da fari, Casablanca, na 1942. Kawu ɗan silima ne tun yana saurayi, ba ya bukatar a nuna masa mugu. Da hafsan Jamus ɗin nan, Manjo Strasser, ya sauko daga jirgi, ya gyara zama ya ce, "Ga bos nan. Dubi idonsa, wannan ba imani a ransa."

Da aka harbe shi a filin jirgi yana riƙe da kan tarho, har tafi Kawu ya yi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na san ko wane ne cikin kakin.

Sunansa Conrad Veidt, haifaffen Berlin a 1893. Tun zamanin finafinan da ba magana ya yi suna a ƙasarsu. A 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, ya auri wata Bayahudiya, Lily Prager, suka tattara suka koma Ingila, don gwamnatin Hitila na tsananta wa Yahudawa. Ya bar gida, ya bar harshen da ya fi iya wasa da shi. A 1939 ya zama ɗan Birtaniya, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke kuma ya saka dukiyarsa wajen taimakon ƙasar. Da ya isa Amurka, me aka fi miƙo masa? Kakin sojojin Hitila, mutanen da ya guje wa. Yana da tsayin, yana da muryar, ga harshen Jamusanci a bakinsa. Ya sa kakin, ya fito da su yadda ya san su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai ga faɗuwarsu ba. A Afrilun 1943 zuciyarsa ta buga yana wasan golf a Los Angeles, yana da shekara 50.

Na faɗa wa Kawu duk wannan muna shan kunu. Ya daɗe bai ce komai ba, yana juya ludayi. Can ya ce, "Ɗana, mayar da shi baya, wurin da ya sauko daga jirgin nan. Ina son in sake ganin fuskarsa."

Na mayar. Wannan karon bai yi magana ba har cajin kwamfutar ya ƙare.